Tsanin gyara: neman sunan hawa uku

Jama'a, ku kawo mini ɗauki kan wata kalma. Ina shirya takardar koyarwa da Hausa don ma'aikatan jinya, sai na yi karo da abin da Turawa ke kira "action hierarchy". Idan aka tafka kuskure a asibiti, a ce an ba majinyaci maganin wani, kwamiti yakan zauna ya tono musabbabi, ya rubuta matakan gyara. Matakan nan ne ake jerawa hawa uku: masu ƙarfi, matsakaita, masu rauni. Tsarin ya samo asali daga asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, ya ƙara yaɗuwa bayan rahoton RCA2 na 2015, wanda ya yi bayani kan tono musabbabin kuskure a asibiti.

Jerin kansa bai ba ni wahala ba, "tsanin gyara" na sa masa. Sunayen hawan ne suka hana ni barci.

Wani malamina ya ce a sa garambawul, faci, kwaskwarima. Wallahi sun yi daɗin faɗi, har na rubuta. Amma Malam, a gafarce ni, waɗannan girman aiki suke aunawa, shi kuwa tsanin abin da yake tambaya daban ne: gyaran nan ya dogara da mutum ya tuna, ko kuwa ko ya manta kuskuren ba zai yiwu ba?

Ga sinadarin fotasiyam mai kauri. Idan aka ɗura shi a jijiya ba a sirka ba, zuciya tsayawa take yi, kuma kwalabarsa ta sha rikita mutane da ta wasu magunguna. A 1998 hukumar Joint Commission mai tantance ingancin asibitocin Amurka ta yi gargaɗi a kansa, mafitar kuwa ita ce a kwashe shi daga ɗakunan majinyata, a bar shi wurin masu haɗa magani. Aikin yini guda ne, wa zai kira shi garambawul? Amma a saman tsani yake, domin abin da babu shi a kabad hannu ba zai ɗauko shi da ƙarfe uku na dare ba. Haka maganin sankara na binkiristin, wanda idan ya shiga ruwan laka da wuya mutum ya tashi. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa haɗa shi a ƙaramar ledar ƙarin ruwa maimakon sirinji, don kada a ɗauke shi a zaton allurar baya ce. Wannan hawa na kira shi "gyaran toshe kafa", kafar da kuskure ke bi.

Na ƙasa ya fi jawo musu. Nan ne horo, sabuwar doka, takardar gargaɗi a bango, da cewa mutum biyu su duba. Wata babbar ma'aikaciyar jinya ta ce "masu rauni" raini ne ga horo. Hajiya tana da gaskiya, horo ba abin yarwa ba ne, shi kaɗai ne ba ya isa. "Jan kunne" kuma ƙamshin hukunci yake yi, wanda ke tsoron hukunci kuwa ɓoye kuskurensa zai yi. Sai na tuna yadda rahotannin nan suke ƙarewa: a riƙa kula, a ƙara kula. Shi ke nan, "gyaran a-kula", a kan ginin a-kori-kura.

Saura na tsakiya, inda takardar bi-da-bi ta tiyata take, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 mai abubuwa 19 da ake dubawa ɗaya bayan ɗaya, da maimaita umarnin likita da baki, da raba magunguna masu kama da juna, da rage wa ma'aikaci yawan aiki. Mutum ne dai ke aikin, an dai ba shi abin jingina. Na sa "gyaran tokara" da fensir. Wanda ke da wadda ta fi ta, ya kawo kafin takardar ta tafi ɗab'i.