Shin sauyin ƙwayar gado a amfanin gona yana da alaƙa da ciwon daji?

Mai tambaya, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Tun da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da waken SAMPEA 20-T a 2019 nake jin cewa an taɓa ƙwayoyin gadonsa, ga shi kuma likitoci suna cewa ciwon daji ma daga sauyin ƙwayar gado yake tasowa. Ina roƙon masana su warware mini: idan iyalina suka ci wannan wake, shin sauyin zai shiga jikinsu?

Malamin kimiyyar tsirrai, Samaru:
Wa alaikumus salam, Malam. An sanya wa waken nan ƙwayar gado daga wata bakteriya ta cikin ƙasa, domin tsiron ya riƙa samar da furotin mai kashe tsutsar Maruka, wadda ke cinye fure da kwanso. Cikin mutum kuwa narkar da DNA ɗin abinci (wato sinadarin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) yake yi, na wake ne ko na nama, ba ya haɗa shi da namu. Ciwon daji yana tasowa ne idan ƙwayoyin gadon mutum shi kansa suka lalace, musamman masu tsawatar wa ƙwayoyin jiki kada su yi ta yaɗuwa ba kan gado, irin su TP53 da BRCA1.

Ma'aikaciyar jinya, Shika:
Malam, abin da ya fi tayar mini da hankali yana cikin rumbunanmu. Gyaɗa da masarar da aka adana da laima suna yin fumfuna mai fitar da dafin afalatoksin, kuma tun 1991 masu bincike suka gano cewa a yankunan Sin da kudancin Afirka inda ake yawan cin wannan dafi, dajin hanta yakan zo da sauyi a gurbi na 249 na TP53. Idan mutum yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, haɗarin yana ninkuwa sosai. Abin takaici, gyaɗar da aka tsince saboda lalacewa sau da yawa ita ake sayarwa da araha a yi ƙuli-ƙuli. A shanya hatsi ya bushe sarai, a ɗora buhuna a kan katako, a kuma kai jarirai rigakafin ciwon hanta tun ranar haihuwa.

Mai tambaya:
Na gode, Malam da Hajiya, Allah ya saka da alheri. Gobe zan sa a fito da buhunan gyaɗarmu a duba. Sai dai har yanzu ina ganin haƙƙin mai saye ne a Kasuwar Sabon Gari a gaya masa wane irin wake ake auna masa.