Shawarwari kan tsabtace wuyan jita

Masu gyaran jita da suka tattauna batun sun yarda cewa a fara cire tsirkiya, sannan a goge dattin yatsu da ƙyalle mai ɗan danshi. Katakon rosewood da ebony, waɗanda ba a shafe su da fenti ba, suna son ɗan mai sau ɗaya ko biyu a shekara, a kuma goge ragowarsa nan take, domin yawansa yana sassauta ƙananan ƙarafan da ke jere a kan wuyan, inda ake danna tsirkiya. Katakon maple mai fenti ba ya bukatar mai. Saɓani ya taso kan soson ƙarfe mai lamba 0000, wato mafi laushi: yana haskaka ƙarafan sosai, amma wajibi ne a rufe maganaɗisun jitar lantarki da salatif, saboda maganaɗisun yana jawo ɓurɓushin soson.