Shin Lallai Sai da Rolex Ake Fara Tara Agogo?

Auta: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Na tanadi abin da ya kusa dala dubu goma da niyyar sayen agogon hannu na farko da zan fara tari da shi, kuma ina son wanda zan riƙa ɗaurawa, ba wanda zan kulle a akwati ba. Alhaji ya ce mini duk wanda ya fara da wani agogo ba Rolex ba, kuɗinsa sun fara narkewa tun kafin ya bar bakin kanti. Ina roƙon masu sani su duba mini wannan magana kafin in miƙa kuɗi.

Alhaji: Wa alaikumus salam. Auta, na faɗa kuma ina nan a kan bakata. Tun da Hans Wilsdorf ya kafa kamfanin a Landan a 1905, kafin ya mayar da shi Suwizalan, abu guda suka sa a gaba, wato agogon da zai jure wahala. Su suka fito da Oyster mai hana ruwa shiga a 1926, suka ƙara masa injin da ke wana kansa da motsin hannu a 1931, sannan Datejust ya zo a 1945, Submariner da Explorer kuma a 1953, kuma har yau siffarsu ba ta sauya sosai ba, shi ya sa tsohon Rolex ba ya zama tsohon yayi. Amma hujjata ta ɗan kasuwa ce. Idan wata larura ta taso maka a Dubai ko Jidda ko Legas, Rolex na ƙarfe ne agogon da za ka cire daga hannu ka sami mai saye a ranar, da farashin da kowa ya sani. Ka tuna kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, amma a farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ajiye kuɗinsa a Submariner bai ji wannan girgiza ba.

Injiniya: Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma wannan misali na naira bai tabbatar da komai game da Rolex ba. Wanda ya ajiye dalarsa a asusu shi ma bai ji girgizar ba, kuma shi ba ya tsoron ɓarawo a hanya ko kuɗin sabis. Abin da ya kamata a auna shi ne farashin agogon da dala, kuma a nan labarin ya bambanta. Farashin Rolex da Patek Philippe da Audemars Piguet a kasuwar 'yan hannu, wato masu sayar da agogon da aka riga aka yi amfani da shi, ya yi tashin gwauron zabo a lokacin korona, ya kai ƙololuwa wajen Maris na 2022, daga nan ya yi ta sauka wata bayan wata, kuma waɗanda suka saya a saman sun yi asara mai yawa. Sannan akwai abin da ba a faɗa wa sabon shiga: Submariner ɗin da ake cewa ba ya faɗuwa, da wuya baƙo ya shiga wurin dillalin hukuma ya fito da shi a ranar. Za a rubuta sunansa a ce ya jira. Idan ya gaji ya koma wurin 'yan kasuwa, zai biya fiye da farashin kanti, kuma wannan ƙarin shi ne abu na farko da ke gushewa idan kasuwa ta yi sanyi.

Ni da zan ba Auta shawara, da na ce ya dubi Omega. Agogonsu Speedmaster ya fito a 1957, NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta amince da shi a 1965, kuma shi ne a hannun ɗan sama jannati Buzz Aldrin a saman wata a 1969. Injinan Omega na yanzu masu shaidar Master Chronometer suna jure ƙarfin maganaɗisu har gauss 15,000, abin da yake da amfani ga mutumin da yake yini kusa da kwamfuta da waya da lasifika. Ana shiga kanti a same shi, kuma a wurin 'yan hannu ana samunsa ƙasa da farashin sabo.

Alhaji: Injiniya, ai da bakinka ka kawo mini hujja. Ana samunsa ƙasa da farashin sabo domin wanda ya fara sayensa ya riga ya yi asara. Ban musa cewa kasuwa ta faɗi bayan 2022 ba, amma ko bayan faɗuwar, Rolex na ƙarfe da ake rububi ya tsaya kusa da farashin kanti ko sama da shi, alhali yawancin sauran suna ƙasa. Ban ce Auta zai ci riba ba. Na ce zai fi kowa ƙarancin asara.

Injiniya: Idan haka ne, sai ya zama wanda ya sayi na hannu, ya bar wani ya ɗauki asarar farko. Wannan ya fi biyan ƙari a kan Rolex.

Baba mai gyara: Ku yi haƙuri in sa baki, domin ku biyu kuna maganar ranar saye da ranar sayarwa, ni kuwa shekarun da ke tsakaninsu ne suke zuwa teburina. Agogo mai inji kamar doki yake, kuɗin sayensa daban, kuɗin ɗawainiyarsa daban. Mai da ke cikinsa yana bushewa, robobin da ke hana ruwa shiga suna sandarewa, kuma ko Rolex da kansu suna ba da shawarar a yi sabis kusan duk shekara goma. Manyan kamfanonin Suwizalan sun taƙaita sayar da kayan gyara ga masu gyara masu zaman kansu irina, saboda haka, ɗana, kafin ka zaɓi suna ka fara tambayar inda za a buɗe maka shi da kayan asali, da nawa za ka biya, da tsawon lokacin da zai yi ba ya hannunka. Wannan tambaya ta fi tsanani a kan Grand Seiko mai injin Spring Drive, wanda nake girmamawa ƙwarai domin kuskurensa bai wuce daƙiƙa ɗaya a yini ba, amma gyaransa sai cibiyar kamfanin.

Abu na biyu shi ne alwala. Mutumin da yake wanke hannu har gwiwar hannu sau biyar a rana, ga gumin bazara, ga ƙurar hunturu, ba ya bukatar maɗaurin fata a agogonsa na kullum, domin fatar za ta yi wari ta tsage. Ya nemi sarƙar ƙarfe da maɓallin wana agogo wanda ake murɗawa ya kulle, da juriyar ruwa ta mita 100 ko fiye. A nan Alhaji ya yi gaskiya, domin ko ƙaramin Oyster Perpetual yana da wannan. Speedmaster ɗin da Injiniya ya yaba mita 50 yake da shi, kuma da hannu ake wana shi, don haka idan Omega za a saya don yau da kullum, Seamaster ya fi dacewa.

Abu na uku kuma ya juya wa Alhaji baya: babu agogon da ake yi wa jabu kamar Rolex. Jabun yanzu ba irin na da ba ne da ake ganewa daga nauyi ko daga tafiyar hannun daƙiƙa. Ana kwaikwayon injin, ana kwaikwayon kwali da katin garanti, kuma akwai wanda jikinsa na asali ne amma an sauya masa fuska ko sarƙa. Sabon shiga da ya je kasuwar 'yan hannu neman Rolex ya shiga wurin da ya fi ko'ina haɗari gare shi.

Hajiya: Baba, Allah ya saka da alheri. Ni abin da ya ba ni mamaki shi ne har yanzu babu wanda ya tambayi Auta irin tufafin da yake sawa da kaurin hannunsa. Na san shi da kaftani mai maɓallin hannu, kuma Submariner na yanzu faɗinsa milimita 41 ne, ga kauri, ba ya shiga ƙarƙashin irin wannan hannun riga cikin sauƙi, sai ya tsaya yana tokare shi. Cartier Tank, wanda aka zana a 1917, ko Santos da Louis Cartier ya yi wa matuƙin jirgin sama Alberto Santos-Dumont a 1904, sun fi zama da shadda nesa ba kusa ba. Haka Reverso na Jaeger-LeCoultre, da aka ƙera a 1931 don 'yan wasan polo a Indiya su juya fuskarsa kada sanda ta fasa gilashin, wanda bai kamata ya zama baƙo ba ga mutanen da suka san filayen polo na Katsina da Kaduna da Kano. Na yarda waɗannan ba na alwala ba ne in suna da maɗaurin fata, amma Santos na yanzu yana zuwa da sarƙar ƙarfe kuma yana jure mita 100. Tari kuma ana yin sa ne da ido da sha'awa. Idan kowa ya fara da abin da kowa ya fara da shi, me ya rage na mai tarin?

Malam: Ina da gyara guda biyu da suka shafi Auta a matsayinsa na namiji Musulmi. Na farko, zinare haramun ne ga maza, kuma farin zinare zinare ne. Mutane da yawa suna sayen Datejust na ƙarfe mai zoben fuska mai tsaga-tsaga suna zaton duka ƙarfe ne, alhali wannan zoben farin zinare ne, don haka wanda yake son Datejust ya nemi mai zobe sumul. Na biyu, wannan gardama ta jari tana da hukunci. Agogon da aka saya don ɗaurawa babu zakka a kansa. Amma idan an saye shi da niyyar jiran kasuwa ta tashi a sayar, ya zama hajar ciniki, kuma a mazhabar Malikiyya irin wannan mai jiran kasuwa yana fitar da zakkar shekara guda idan ya sayar, matuƙar kuɗin sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo. Don haka Auta ya tsayar da niyyarsa tun yanzu.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, to ga ƙarin bayani da zai tsananta batun. Rolex da kansu suna bayyana cewa alamomin awa da ke kan fuskar agogonsu da zinare ake yin su don kada su dushe, har a samfuran ƙarfe irin Submariner da Explorer. Yaya ke nan?

Malam: Wannan wuri ne da malamai suka yi saɓani. Akwai masu hana zinare ga namiji komai ƙanƙantarsa, akwai kuma masu sassauci a kan ɗan kaɗan da yake biye da wani abu ba shi ne abin nufi ba. Zoben fuska da sarƙa a fili suke, ba na ganin uzuri a kansu. Alamomin da ke bayan gilashi kuwa Auta ya kai wa malamin da yake karatu a wurinsa, ya kuma nemi dillali ya nuna masa bayanin kayan da aka ƙera samfurin da su a rubuce, ko wane kamfani ne.

Injiniya: To, ni ga inda na tsaya. Wilsdorf ɗin da Alhaji yake alfahari da shi, shi ne ya kafa kamfanin Tudor a 1946 don a sami ƙarfin Rolex da farashi mai sauƙi. Black Bay 58 na Tudor, wanda ya fito a 2018, faɗinsa milimita 39 ne, kaurinsa bai kai 12 ba, yana jure mita 200, injinsa yana aiki awa 70 bayan an cire shi, kuma yana da shaidar COSC, hukumar gwada daidaiton agogo ta Suwizalan, wadda ba ta yarda agogo ya yi jinkirin da ya wuce daƙiƙa 4 ko saurin da ya wuce 6 a yini ba. Kuɗinsa bai kai rabin abin da Auta ya tanada ba. Ya ɗaura shi shekara ɗaya ko biyu, ya gane ko yana son agogo mai nauyi ko marar nauyi, mai kwanan wata ko marar shi, sannan ya sayi na biyu da ilimi da kuma ragowar kuɗinsa.

Alhaji: Tudor agogo ne mai kyau, ba na raina shi. Amma na ga wannan hanya sau da yawa: mutum zuciyarsa tana kan Rolex, sai a lallashe shi ya sayi ƙaninsa, bayan wata shida ya sayar da asara ya koma ya sayi abin da yake so tun farko, ya biya sau biyu ke nan. Idan Hajiya tana ganin Submariner ya yi masa girma, na janye shi. Explorer ya koma milimita 36 a 2021, yana shiga hannun kaftani, ba shi da zoben zinare, kuma mutumin da ba ya harkar agogo ba zai kula da shi a hanya ba, wanda a zamanin nan alheri ne. Batun jabu kuma, tun Disambar 2022 Rolex suka fara shirin sayar da na hannu ta dillalansu da garantin shekara biyu. Ya fi na kasuwa tsada, amma araha ba ta ado.

Hajiya: Alhaji, kenan daga "dole sai Rolex" mun sauko zuwa "idan zuciyarsa tana kan Rolex". Wannan magana ce daban, kuma ita na yarda da ita.

Alhaji: Ban sauko ba, Hajiya. Na ƙara dalili ne a kan na farko.

Auta: Na gode ƙwarai da gaske. Niyyata ɗaurawa ce, ba ciniki ba, kuma batun alamomin awa zan kai shi gaban malamina kamar yadda Malam ya ce. Yanzu zaɓina ya tsaya tsakanin Explorer 36 da Black Bay 58 da Santos, kuma ba zan yanke ba sai na ɗaura kowanne a hannuna da kaftani a jikina. Baba, idan na hannu na samu a wurin ɗan kasuwa ba dillalin hukuma ba, me zan yi kafin in biya?

Baba mai gyara: Kada ka biya sai an yarda ku tafi tare wurin mai gyaran da kai ka zaɓa, ba wanda mai sayarwa ya zaɓa ba. A buɗe bayan agogon a dubi injin, a ɗora shi a kan na'urar auna tafiya a ga daƙiƙa nawa yake ƙarawa ko ragewa a yini, a gwada juriyarsa ta ruwa bayan an rufe, a kuma daidaita lambar jikinsa da ta katin garanti. Ka tambayi yaushe aka yi masa sabis na ƙarshe, ka nemi takardar, ka ƙirga ƙwayoyin sarƙar domin kowace ƙwaya da ta ɓace kuɗi ce, ka kuma dubi kusurwoyin jikinsa ko an goge su har sun zama sumul, domin yawan gogewa yana rage daraja. A rubuta maka rasit mai ɗauke da lambar agogon da sharaɗin mayarwa idan ya bayyana an sauya wani sashe nasa. Mai sayarwar da ya ƙi a buɗe bayan agogo, ka bar masa kayansa.