MRI da Hausa, me za mu kira shi?

Salamu alaikum 'yan uwa na Kumasi. Yaranmu masu buga ƙwallo a Aboabo da Asawase in jijiyar gwiwa ta tsinke aka yi musu tiyata, wani lokaci likita kan ce a je a yi MRI, wani irin hoton cikin jiki, a ga yadda wajen ke warkewa, sai iyaye su ce ai an riga an ɗauki hoto, alhali esre suke nufi. Shi yasa nake neman sunan da zai raba biyun.

Esre ƙashi yake nunawa, jijiya kusan bata fitowa. Shi kuwa MRI maganaɗisu ne mai ƙarfin gaske, yawanci tesla 1.5 ko 3 (tesla shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu), da igiyar rediyo, ruwan cikin nama yake karantawa shi yasa jijiya da guringuntsi ke fitowa ɓaro-ɓaro. Ni dai nace hoton maganaɗisu.

Cikin sunayen da 'yan uwa suka ba da shawara, wani malam ya kawo "sikanin", toh matanmu sun riga sun ba na awon ciki wannan sunan. Wata hajiya ta ce "hoton mayen ƙarfe", gaskiya yana tuna wa mutum ya cire makulli da waya da ɗan kunne, ya kuma faɗa in an taɓa sa masa ƙarfe ko na'urar zuciya, amma wallahi kalmar maye zata firgita tsohon da za a tura cikin bututun na'urar MRI mai ƙara.

Wadda tafi damuna ma ita ce jijiya, komai jijiya muke cewa har ta jini. Mai haɗa tsoka da ƙashi muna da agara, mai haɗa ƙashi da ƙashi fa? Ina ganin jijiyar ɗaurin gaɓa. Dole a bambanta, don in ta cikin gwiwa ta tsinke galibi agara ake yankowa a jikin mutum, ƙasan ƙoƙon gwiwa ko bayan cinya, a dasa, jiki ya bi a hankali ya mayar da ita jijiyar ɗauri kuma abin kan ɗauki shekara ko fiye. A hoton, dashen kan fara fitowa baƙi, bayan wasu watanni yayi haske-haske lokacin jini na shigarsa bai gama ƙwari ba, sannan ya koma baƙi. A tsakanin nan ne yaro ke jin cewa ciwon ya tafi, ya matsa sai ya koma fili, uwa kuma bata san me zata ce masa ba tunda ba a yi mata bayani da yarenta ba.

Masu aiki a asibitin Komfo Anokye don Allah ku gwada "hoton maganaɗisu" da marasa lafiya masu jin Hausa, ku dawo ku faɗa mana ko sun gane.