Muhawara: Wa zai ƙare a kan Karagar Ƙarfe a littattafan Martin?

Ɗan Sakkwato: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina faɗin magana ɗaya a wannan zaure ana mayar da ni abin dariya, saboda haka yau zan faɗe ta a fili, mai hujja ya fito da ita. Daenerys Targaryen, 'yar sarki Aerys da aka hamɓarar, ita ce za ta ƙare da mulkin ƙasar Westeros a littattafan A Song of Ice and Fire na George R. R. Martin, ba Bran ɗan Ned Stark da shirin talabijin na HBO, Game of Thrones, ya naɗa a 2019 ba. Littattafai biyar suka fito daga 1996 zuwa 2011, kuma a cikinsu babu wanda ya ɗanɗana wahalar mulki kamar ita. Ta riƙe birnin Meereen, ta zauna sauraren ƙarar talakawa, ta yi auren da ba ta so domin a daina kashe mata mutane, har ta ɗaure dodanninta biyu da sarƙa bayan wani makiyayi ya zube ƙasusuwan 'yarsa a gabanta. Marubuci ba zai zubar da wannan tawada a banza ba. Masu cewa Jon Snow kuwa, wanda Ned Stark, uban gidan Winterfell na Arewa, ya rena a matsayin ɗansa na waje, su tuna cewa shege ba ya gadon karaga.

Maman Iman: Wa alaikumus salam. Malam, ka janye kalmar shege kafin a ci gaba. Duk wanda ya karanta mafarkin Ned Stark a littafi na farko ya san cewa dogarai uku na sarki, Arthur Dayne da Gerold Hightower da Oswell Whent, sun tsaya a bakin hasumiyar da Lyanna, ƙanwar Ned, take ciki bayan Rhaegar, yarima mai jiran gado, ya mutu, mahaifinsa sarki Aerys ma ya mutu. Ned da kansa ya ce musu ya yi zaton zai same su tare da Viserys, ɗan Aerys namiji da ya rage, a tsibirin Dragonstone, suka ƙi motsawa har aka kashe su. Dogarin da ya yi rantsuwar tsaron sarki ba zai ba da ransa a kan ɗan gaba da Fatiha ba. Tsayuwarsu kaɗai ta isa shaida cewa an ɗaura aure tsakanin Rhaegar da Lyanna, kuma Jon ɗansu ne na halak.

Malamin Tarihi: Hajiya, da girmamawa, abin da kika kawo hasashe ne, ko da yake hasashe mai kyau. Har zuwa shafin ƙarshe na littafi na biyar babu inda aka tabbatar da wace ce mahaifiyar Jon, balle a yi maganar ɗaurin aure. Rhaegar yana da mata, Elia Martell, ta haifa masa Rhaenys da Aegon, kuma warware aurensu da kike tunawa a shirin talabijin aka yi shi. Idan kika ce kishiya ya yi mata, to, gaskiya ne Aegon na Farko ya auri mata biyu, Maegor ma ya tara mata, amma tun bayan Maegor babu sarkin gidan da ya sake yin haka, domin limaman ƙasar ba su yarda da shi ba. Sunan Snow kansa ai tambari ne da mutanen Arewa suke liƙa wa wanda aka haifa ba ta hanyar aure ba. Ɗan Sakkwato bai zagi kowa ba, sunan da littafi ya ba yaron ya kira.

Maman Iman: Sunan da Ned ya liƙa masa domin ya ɓoye shi daga Robert Baratheon, wanda ya ƙwace karagar daga gidan Targaryen, shi ne ka mayar hujja? Ashe rigar aro ta zama fatar jiki.

Auta: Yayyena, ku yi haƙuri in tsoma baki. A ganina an ɗauki kalmar kamar hukunci ne da ba ya ɗaguwa, alhali a Westeros takardar sarki tana wanke shi. Tommen, sarkin da ke kan karaga, ya sa hannu Ramsay Snow ya zama Ramsay Bolton. Stannis, ƙanin Robert mai neman sarauta, ya yi wa Jon tayin zama Jon Stark, uban gidan Winterfell, shi ne ya ƙi saboda rantsuwar da ya yi wa masu gadin Katanga, wadda take kare iyakar Arewa. Sannan kafin a kashe Robb ɗan Ned, sarkin Arewa, a wurin biki, ya yi musu da mahaifiyarsa a kan ya halasta Jon ya zama magajinsa, ya kuma sa manyan ƙasarsa suka buga hatimi a kan wasiyya. Ba a karanta mana abin da ke cikinta ba, amma kowa ya ga inda zancen ya dosa.

Malamin Tarihi: Ƙanena, wasiyyar Robb ta Arewa ce. Ko da ta tabbata, Stark za ta mayar da shi, ba Targaryen ba, wato ta ƙara nisanta shi ne da karagar da ake magana a kai.

Ɗan Sakkwato: Jama'a, na rubuta layi goma a kan Daenerys, kun bar su kun kama kalma ɗaya. Wa zai amsa mini batun Meereen?

Baban Khadija: Ni zan kawo abin da ya fi hasashe ƙarfi. Martin da bakinsa ya ce ya faɗa wa masu shirin talabijin wanda zai hau karaga, tare da sirrin sunan Hodor, mai ɗaukar Bran, da kuma batun Stannis zai ƙona 'yarsa Shireen. Yaron da ya fito a matsayin Bran ma ya ce an shaida masa cewa naɗin daga marubucin ya fito. Babi na farko bayan gabatarwa na Bran ne, yana ɗan shekara 7. Kuma ƙasar tana da al'adar zaɓe idan gado ya rikice: an kira Babbar Majalisa a shekara ta 101 a Harrenhal, an sake kiran wata a 233 wadda ta tsallake na gaba ta ɗauko Aegon na Biyar, ɗa na huɗu ga ɗa na huɗu. Idan yaƙi ya cinye magada, masu zaɓen sarki ne za su yi magana, ba jini ba.

Ɗan Zinder: Malamin Tarihi ya yi daidai, kuma a faɗi gaskiya, matsalar wannan zaure ita ce wasu kallo suka yi, suka zo suna jayayya da waɗanda suka yi karatu. Wanda ya karanta ba zai manta cewa an caccaka wa Jon wuƙa a ƙarshen littafi na biyar ba, kuma tun 2011 yake kwance a cikin ƙanƙara. Gawa ake nema wa takardar aure.

Maman Iman: Malam, idan da ni kake, ka ambaci sunana. Na kawo sunayen dogarai uku daga littafi, a shirin kuwa biyu aka nuna. Wa ya yi kallo a tsakaninmu?

Ɗan Zinder: Hajiya, ban ambaci kowa ba, amma ai mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Malamin Tarihi: A bar wannan. Tun da batun halasci ake yi, akwai wanda aka manta da shi, wanda shirin bai nuna ba sam. Saurayin da Jon Connington ya rena, wanda ake cewa shi ne Aegon ɗan Rhaegar da Elia, ya riga ya sauka Westeros da sojojin haya na Golden Company. Idan da gaske shi ne, ya sha gaban Jon da Daenerys gaba ɗaya, domin shi ne babban ɗa namiji na cikin aure.

Auta: Idan da gaske shi ne, Yaya. Rundunar nan an kafa ta ne domin ɗora zuriyar Blackfyre, reshen gidan Targaryen da ya yi tawaye, a kan karaga, kuma Daenerys ta ga a wahayi dodon tsumma a kan sanduna jama'a suna yi masa shewa. Daemon Blackfyre kuwa, wanda zuriyar ta samo asali daga gare shi, shi ma a waje aka haife shi, sai da Aegon na Huɗu ya halasta shi a kan gadon mutuwa.

Maman Iman: To, ga shi nan. Kowa da tabonsa, amma Jon kaɗai aka ga damar kira da wannan suna. Tommen da yake zaune a kan karagar yanzu ɗan waye?

Ɗan Sakkwato: Ni dai ban janye ba. Kuma har yanzu babu wanda ya taɓa maganar Meereen.

Shugaban Zaure: 'Yan uwa, dare ya yi, zan rufe da taƙaitawa. Abin da muhawarar ta nuna shi ne, asalin Jon bai tabbata ba, na Aegon akwai kokwanto, Tommen kuwa Hajiya da kanta ta rushe shi, domin ɗan Jaime ne, ɗan'uwan mahaifiyarsa, ba ɗan Robert ba. Daenerys tana can cikin ciyawar ƙasar makiyayan Dothraki a ƙetaren teku, ba ta taɓa taka babban yankin Westeros ba. Batun Bran magana ce ta hira, ba ta shiga littafi ba tukuna. Saboda haka wanda ya rage babu tabo a asalinsa shi ne Stannis Baratheon, ƙanin Robert na cikin aure, wanda kakarsa Rhaelle 'yar gidan Targaryen ce, kuma shi kaɗai ne a cikin masu neman sarauta ya amsa kiran masu gadin Katanga lokacin da aka kawo musu hari. Wasiƙar da ta ce ya mutu daga hannun maƙiyinsa ta fito, ba a kafa hujja da ita. A nan zaure ya tsaya.

Baban Khadija: Ranka ya daɗe, a cikinmu babu wanda ya tsayar da Stannis, kuma hirar da ka jefar ita ce ta ce zai ƙona Shireen.

Shugaban Zaure: Shireen tana Katanga, shi yana kusa da Winterfell. An rufe.