Da wace kalma za mu kira "haemodilution" a gaban majinyaci?

1/ 'Yan uwa ma'aikatan ɗakin tiyata da masana harshe, ina neman taimakonku. Akwai dabarar da likitoci ke yi wa mai ciwon daji idan za a yi masa babbar tiyata, irin ta yanke wani sashe na hanta, inda ake sa ran jini zai zuba da yawa. Har yau ba mu da sunanta da Hausa.

2/ Ga yadda ake yi. Babban mutum yana da jini kusan lita 5. Bayan an sa shi barci, kafin wuƙa ta taɓa shi, sai a ɗebi jininsa leda ɗaya zuwa uku, kowace kusan mililita 450, a ajiye a nan cikin ɗakin. A lokaci guda ana yi masa ƙarin ruwa, don abin da ke zagayawa a jijiyoyinsa kada ya ragu. Jinin da zai zuba yayin aikin ya zama mai ruwa-ruwa, jajayen ƙwayoyin da za a yi asara sun ragu. Da an tsayar da zubar, sai a mayar masa da nasa.

3/ Amfanin ga mai ciwon daji babba ne, domin jinin wani yana iya raunana garkuwar jiki, ga wahalar neman mai bayarwa da dangi ke sha. Sai dai ba kowa ake yi wa ba. Wanda ya zo da ƙarancin jini, kamar yadda da yawa ke zuwa, ko mai ciwon zuciya, ba a taɓa nasa.

4/ Wani ɗan uwa ya kawo "tsinka jini", kamar yadda ake tsinka fura. Ma'anar ta dace, amma ban yarda ba. A bakinmu idan an ce jini ya tsinke wa mace, kowa ya san zubar jini ake nufi. Ka faɗa wa dattijuwa haka daren da za a shiga da ɗanta, ka ga ko za ta sa hannu a takarda.

5/ "Ɗibar jini" kuma gwaji za a ɗauka, wasu ma ƙaho.

6/ Ni na tsaya kan "sirki". Uwa tana sirka wa jariri ruwan wanka, ta zuba mai sanyi cikin mai zafi da gangan, a kan ƙa'ida, don kada ya ƙone. Babu tsoro a kalmar, babu ƙamshin algus. Dabarar gaba ɗaya kuwa mu ce "ajiya da sirkin jini", saboda ajiyar ita ce abin da majinyaci ya fi son ji: "Baba, jininka ne za mu ajiye maka, mu mayar maka bayan aiki."

7/ Mutanen Sakkwato, Katsina da Damagaram, "sirki" kuke cewa ko "surki"? Ku faɗa mini kafin mu rubuta shi a takardar neman izini.