Gulutin: danƙon alkama za mu ce ko mu bar shi yadda ya zo?

Jama'a a taimaka min, jiya na zauna yi wa ƙanwata bayanin cutar siliyak da likita ya ce tana da ita, sai ga ni ina ta gulutin gulutin ita kuma ta zuba min ido kawai.

Ni dai danƙon alkama ya fi kwanta min. Kalmar gulutin asalinta Latin ce, ma'anarta gam, kuma duk wanda ya taɓa kwaɓa fulawa ya san abin nan da ke sa kwaɓin ya yi ta miƙewa bai tsinke ba, in ka wanke shi a ruwa sitacin ya fita shi ne ke saura a hannunka kamar cingam. Wani ya ce yauƙi, a'a malam, yauƙi santsi ne, wannan ja yake yi. Inda nake ɗari-ɗari, sha'ir ma yana da shi, kar mutum ya ji alkama ya ɗauka sha'ir ba komai. Danƙon hatsi kuma ya yi faɗi tunda shinkafa da masara ba ruwansu.

Sunan cutar ne ya fi ba ni aiki. Siliyak daga Girkanci yake, wai "na ciki", to wa bai taɓa ciwon ciki ba? Alajin alkama kuwa don Allah a bar shi, wannan wata cuta ce daban. A siliyak garkuwar jiki ce ke juyowa ta lalata 'yan tsiron bangon ƙaramin hanji masu tsotsar abinci, sai ƙarancin jini, rama, gudawa, wani ma ba ya jin komai, kuma kusan mutum 1 cikin 100 ne ke da ita. Likitan yara Willem Dicke na Holan shi ya alaƙanta ta da alkama, ya ga yaran sun samu sauƙi da burodi ya yi wuya a yunwar 1944 zuwa 1945.

Ku kula, ba a daina cin alkama kafin gwajin jini da ɗaukar tsokar hanji, in ka daina sakamakon zai iya fitowa lafiya lau alhali cutar na nan. Wanda gwajinsa ya fito ƙalau amma burodi na kumbura masa ciki, shi ne zan ce yana da rashin jituwa da danƙon alkama.

Cutar dai na bar ta a siliyak. Mai kalmar da za ta kwaso sha'ir ba tare da ta jawo shinkafa ba, bismillah.